Gyaran kicin kafin azumi: wa zan fara kira, kafinta ko mai tayil?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Abban Ilham ya amince a gyara min kicin, kuma so nake a gama kafin azumi, saura wata biyu da 'yan kwanaki. Gidan namu ne, a Rijiyar Zaki muke a nan Kano. Kicin ɗin ƙafa goma ne a tsaye, ƙafa takwas a kwance, taga ɗaya ce 'yar ƙarama tana kallon katangar maƙwabta. Abin da ke ciki yanzu: kantar siminti a gefe guda wadda tayil ɗinta ya fara ɓamɓarewa, sinki mai yoyo ta ƙasa har bangon ya yi jirwaye, da soket ƙwaya ɗaya tal, shi ne na firji shi ne na bilenda. Buhun shinkafa da na masara a ƙasa suke, jingine da bango. Jiya wani kafinta ya zo ya auna, ya nuna min hotuna masu kyau a wayarsa, ya ce a ba shi kafin alƙalami ya fara yanka katako. Shi kuma maigidan ya ce mai tayil ya kamata a fara kira. Ni dai kaina ya ɗaure. Wa ake fara kira? Sannan gara mu ba mutum ɗaya jinga ya yi komai, ko mu sayi kaya da kanmu mu riƙa kiran masu aiki ɗaya bayan ɗaya?

Anti Zee:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya ƙara wa Abban Ilham buɗi. Ni shawarata a rushe kantar nan gaba ɗaya, a yi miki kabad sama da ƙasa, a ɗora dutse a kai. Ke kanki sai kin kasa gane kicin ɗinki.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki ba kafinta komai tukuna. Ba zarginsa nake ba, awon da ya yi jiya ne ba zai yi amfani ba. Bangon da ya auna za a sassaƙe shi, a sake filasta, a liƙa tayil, kuma kowanne yana cin wuri. In inci ɗaya ya tafi a nan, ɗaya ya tafi a can, kabad ɗin da aka riga aka yanka ba zai zauna ba, sai a koma ana rage shi ana cusawa. Mai tayil ma ba shi ne na farko ba, tare da girmamawa ga maigida.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninki shi ne jirwayen nan na bango. Ruwa ne yake bin wani wuri, kuma duk abin da aka ɗora a kansa, tayil ne ko katako, sai ya lalace. Don haka mai aikin famfo ne na farko. Ya fasa ya gano daga ina ruwan yake fitowa, ya sake bututun shiga da na fita. Kafin a rufe ramin a cika tanki, a kulle duk famfunan gidan, a bar bututun ya kwana da ruwa a ciki. Da safe a shafa hannu a kowace mahaɗa. In a bushe take, sai a rufe. Mai wayarin yana biye da shi, ko ma su yi tare, tunda dukkansu masu fasa bango ne. Sai sun gama fashe-fashensu birkila zai shigo ya toshe, ya yi filasta, ya zuba kanta in za a zuba. Bayan shi mai tayil, sannan a shafa fenti na farko. A nan ne kafinta zai dawo ya sake awo a kan bangon da aka gama, ya je ya yanka. In ya kafa, mai dutse ya zo ya auna saman, ya huda gurbin sinki. Daga nan mai famfo da mai wayarin su dawo su haɗa kayansu, mai fenti ya yi shafar ƙarshe.

Kin ga mai famfo da mai wayarin da mai fenti sau biyu za su zo. A faɗa musu haka tun ranar ciniki, kuma a riƙe wani abu daga kuɗinsu sai sun yi zuwa na biyu.

Hajiya Babba:
Salamu alaikum. Na karanta duka. 'Yata, ni tambaya ɗaya gare ni. A ina za ki tuƙa tuwo?

Mu a cikin gari muka tashi, madafa a tsakar gida, murhu a ƙasa. Mace ta zauna a kan kujerarta, ta dafe tukunya da tsumma, ta kama muciya, ƙarfin yana tahowa daga kafaɗa yana sauka ƙasa. Ban ce ki koma itace ba, ni ma gas nake amfani da shi yanzu. Amma ina shiga gidajen 'ya'yana da na jikoki, ina ganin kicin mai sheƙi, kanta har ƙugu, kan gas a samanta, tukunya a saman gas, bakin tukunyar ya zo wa yarinya ƙirji. Yaya za ta tuƙa tuwon mutum goma a haka? Ƙarshenta sai ta sauke kan gas ɗin ƙasa, ta shimfiɗa kwali, tiyo yana jan ƙasa yara suna tsallake shi. An kashe kuɗi, ana girki a ƙasa.

Hotunan da yake nuna miki na mutanen da abincinsu ba irin namu ba ne. Ki tambaye shi ina turmi zai zauna. Ina babbar tukunyar suna da ta sallah, ina madambaci, ina kulolin da aka kawo ki da su? Azumin da kike magana, ga kunu a wuta, ga kaskon ƙosai, ga markaɗe a bokiti, ga yara suna yanka kankana. Wannan ranar za ki auna kicin da ita.

Anti Zee:
Hajiya ranki ya daɗe, maganarki a kan hanya take, amma zamani ya sauya. Gidaje nawa ne yanzu ake tuwon mutum goma kullum? Kuma durƙuson nan shi yake kashe mana baya da gwiwa. Ni kantar siminti mai buɗaɗɗen ƙasa ce ba na so, ƙura ta shiga, kyankyasai su tare, komai a fili baƙuwa ta leƙo ta ga tarkace. Mace ta yini a wuri, ai ya kamata wurin ya yi mata kyan gani. Ba laifi ba ne mu ma mu so abu mai kyau.

Hajiya Babba:
Wa ya hana ki son mai kyau, 'yar nan? Ni ma ina so. Cewa na yi mai girkin ita za ta faɗi tsayin kanta, ba hoton waya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ku bari in shigo tsakani, don ni abincin sayarwa nake yi a Sheka, a kicin nake yini. Maganar Hajiya da ta Anti Zee duk suna shiga ɗaki ɗaya. Nawa kanta hawa biyu ce. Wajen yanke-yanke da sinki ƙafa uku ne daga ƙasa, wato kusan santimita 90, shi ne tsayin da aka saba yi, faɗinsa ƙafa biyu. Amma wajen da kan gas yake zama an sauke shi ƙasa da haka, saboda shi kansa kan gas na tebur yana da tsayi, tukunya ma tana da nata. Sai kuma a kusurwa, kusa da ƙofa, na sa birkila ya yi min ɗan dandamali da bai kai gwiwa ba, aka sa masa tayil har bango. Nan nake ɗora babban gas mai kai ɗaya in zan yi tuwo ko dambu ko suyar kaji. Ina zaune a kujera nake tuƙi, bayana ba ya ciwo.

Maman Ilham, yadda za ki gane tsayinki: ki tsaya da takalmin da kike girki da shi, ki lanƙwasa hannu kamar kina yanka albasa. Kanta ta zauna ƙasa da gwiwar hannunki da kamar faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan. A sa alama a bango da alli kina tsaye a wurin. Kada a auna da tsayin birkila ko na maigida.

Kuma ƙasan kanta ba dole ya zauna a buɗe ba. A zuba ta da siminti da rodi, a sa tayil ciki da waje, kafinta ya zo ya sa ƙofofi kawai. Daga waje kabad ce, daga ciki siminti ne, ruwa ba ya cin ta.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Wallahi Hajiya kamar kin shigo gidan, mu tara ne da ƙannen maigida, kuma tuwo kusan kullum ne da daddare. Kantar hawa biyun nan ta kwanta min. Amma Injiniya, ƙafa goma da takwas za ta ɗauki wannan duka?

Injiniya:
Za ta ɗauka in ba a yi haɗama ba. A bi bango biyu kawai, dogon da gajeren da ke haɗe da shi. In kika sa kanta ƙafa biyu a dogayen bangon nan biyu masu kallon juna, tsakiya ƙafa huɗu za ta rage, mutum biyu za su iya gilmawa amma babu wurin kujera da turmi. Bango biyu masu haɗuwa a kusurwa sun fi miki. Sinki a ƙarƙashin taga, firji kusa da ƙofa don yara su ɗauki ruwa ba tare da sun ratsa ta gaban wuta ba.

Kafin a kira kowa, ku kwashe kayan, ki ɗauki alli ki zana komai a ƙasa da bango: nan sinki, nan gas, nan firji, nan soket. Ki shiga ki yi kamar kina girki, ki ɗauko tukunya daga nan ki kai can. Abin da bai yi ba ki goge. Gogewa da tsumma kyauta ce, gogewa da guduma kuwa kuɗi ce. In kin gamsu ki ɗauki hoto, duk mai aikin da ya zo a nuna masa abu ɗaya.

Maganar wuta: soket ɗaya ga firji da bilenda hatsari ne. A ja wa kicin layinsa daga akwatin rabon wuta, da nasa makashin. Kaurin wayar soket lamba 2.5 ne, na fitila 1.5, in kuma akwai niyyar sa oben ko hita na lantarki, wannan layinsa daban da waya mai kauri, 4 ko 6. A tabbata an sa wayar ƙasa, wato wadda take kare mutum daga jan wuta, don wuri ne na ruwa da ƙarfe. Soket kada ya zauna a saman wuta ko dab da sinki. In kuna da sola ko kuna shirin sawa, yanzu ne lokacin ja wa firji layinsa shi kaɗai, tun bango yana buɗe. Wajen sayen waya kuma a kankare bakinta a gani, akwai wadda jan ƙarfen a fata kawai yake, cikinta fari ne.

Baban Walid:
Salam. Ni ta ɓangaren masu fitar da kuɗin zan yi magana, tunda na yi irin wannan aikin a gidana a Hotoro. Tambayarki ta biyu ba a amsa ba. Ni ra'ayina ku sayi kaya da kanku, ku biya kuɗin aiki kawai. Rodi da kayan gini Ƙofar Ruwa, kayan wuta Sabon Gari wajen France Road, katako 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo wanda ya fi muku kusa. Mai aiki ya rubuta abin da yake so, maigida ya tafi da shi kasuwa, shi ya zaɓa, maigida ya biya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, don haka abin da ba ya lalacewa, tayil da sinki da waya da bututu, a saye shi tun farko a ajiye. Siminti ne kawai ba a tarawa, yana daskarewa in ya sha danshi, a riƙa saye daidai aiki.

Tayil kuma a ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan awo, saboda yanka da fashewa, kuma a duba lambar da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya. In ya yanke muku kuka koma bayan sati biyu, ko an samu irinsa launin yakan ɗan bambanta.

Abu na ƙarshe, duk abin da kuka lissafa ku ware wani abu a gefe. In aka fasa bango sai an ga abin da ba a zata ba.

Injiniya:
Baban Walid, na yarda da kai da sharaɗi ɗaya: wa zai tsaya? Sayen kaya da kanka yana rage kuɗi in akwai mai lokacin bin masu aiki. In maigida ya fita tun safe sai magariba, aikin zai zama marar uba. Mai tayil ya zo ya tarar filasta ba ta bushe ba, ya tafi wani aikin, sai bayan kwana goma a gan shi. Amfanin jinga shi ne mutum ɗaya ake tambaya.

Baban Walid:
Shi ma mai jingar in ya karɓi kuɗi ya haɗa aikinka da na mutum uku fa? Kuma ribarsa daga ina take fitowa in ba daga ingancin kaya ba?

Injiniya:
Shi ya sa akwai hanya ta tsakiya. Kaya naku, amma a ɗauki mutum ɗaya, yawanci birkilan, a ƙara masa wani abu ya zama shi ne mai kiran sauran da tsara ranakunsu. A rubuta a takarda: aiki kaza, kuɗi kaza, za a biya kaza in an kai wuri kaza. Kowa ya sa hannu, da shaida.

Malam Kafinta:
Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekaru ina wannan sana'a, kuma na ga ana ta maganarmu, bari in faɗi namu. Injiniya ya yi gaskiya a kan awo, ni ma ba na yanka sai an gama tayil. Amma zuwan kafinta tun farko yana da amfani, ya ga inda bututu da soket za su fito don kada su faɗo a bayan durowa. Ya zo ya gani, kada dai ya yanka.

Kafin alƙalami kuma ba zalunci ba ne. Allo da hinjis da hannaye kuɗi ne, ba ni da jarin da zan zuba a aikin kowa. Abin da ba daidai ba shi ne a ba mutum kuɗinsa duka tun bai fara ba. A raba uku: na kaya, na ranar kafawa, da cikon da za a bayar in an buɗe kowace ƙofa an rufe an ga ta zauna.

Sannan don Allah iyayenmu mata, in an tsayar da magana a bar ta. Sai an yanka allo a turo maka sabon hoto da daddare a ce irin wannan ake so. Allon da aka yanka ba ya komawa.

Game da kaya: MDF, allon nan da ake yi da matsattsen garin katako, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, in ya sha sai ya kumbura ya zube kamar burodin da aka tsoma a shayi. HDF, irinsa da aka fi matsewa, ya fi shi ƙarfi amma shi ma kada a kai shi ƙarƙashin sinki. Nan wurin ko siminti kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce, ko alminiyum, ko falawud mai jure ruwa. Kabad ɗin sama ne za a iya yi da allo hankali kwance. Kuma duk inda katako zai taɓa bango ko ƙasa a yi feshin maganin gara tukuna, bango mai danshi shi gara take bi. A ɗaga ƙasan kabad daga daɓe da kamar inci huɗu saboda wanke ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ka tuna min da wanke ƙasa. Mu da ruwa da tsintsiya muke wanke kicin, ba goge-goge kawai ba. A ce wa mai tayil ya karkata daɓen kaɗan zuwa wata 'yar magudana a kusurwa. In ya gama a zuba bokiti ɗaya a gabansa a ga inda ruwan ya nufa. Tayil ɗin ƙasa kuma mai kaushi, kada a sa mai santsi, mai da ruwa in suka haɗu a kansa faɗuwa ce. Na bango ne ake so mai santsi don manja ya gogu. Bayan kwana biyu ki bi su da mukulli kina ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar kwanko babu siminti a bayansa, a cire a sake tun mai aikin bai karɓi cikonsa ba.

Bututun fitar ruwan sinki a sa inci biyu, kada a yarda da siriri. Ruwan wanke-wankenmu da maiƙo da ƙanzo da guntun tuwo yake tafiya. A sa gwiwar nan mai riƙe ruwa a ƙasan sinki, ita take hana wari da kyankyasai dawowa. A waje kuma a yi ɗan rami mai murfi inda maiƙo zai taru ana kwashewa, kafin ruwan ya wuce sokawe.

Amma abin da ya fi duk wannan, tukunyar gas. Don girman Allah kada a kulle ta a cikin kabad don kyan gani. Gas ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, ba ya tashi ya fita ta taga. A gina mata ɗan keji a waje, a inuwa, mai iska, tana tsaye, a huda bango a shigo da bututun. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura 40, ba a barin ta a rana. Duk mahaɗa a shafa mata ruwan kumfa a ga ko kumfar za ta riƙa tasowa, ba a gwadawa da ashana. In kin shigo kin ji wari, kada ki taɓa makunnin fitila, ki rufe tukunyar ki buɗe ƙofa.

Hajiya Babba:
Allah ya yi miki albarka. Wannan ita ce magana. Sai kuma tagar nan. Ƙarama ce ta ce, kuma katanga take kallo. Ranar da aka soya attaruhu a ɗakin nan kowa sai ya fita.

Injiniya:
Gaskiya ne Hajiya. Ana iya faɗaɗa ta, amma birkila ya duba lintal ɗin da ke samanta, in sabon faɗin ya wuce shi sai an zuba wani. Kuma a lura kada ta zama tana leƙa tsakar gidan maƙwabta, haƙƙi ne. In hakan zai faru gara a ƙara wata a can sama kusa da silin, zafi da hayaƙi dama sama suke yi, a sa ƙaramar fanka mai zuƙe hayaƙi. Raga kuma dole, saboda ƙuda da sauro. In kuwa tunanin ƙara gini ya taso, ko taɓa katangar waje, wannan a je a tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, kafin a ɗora bulo.

Ummu Sadik:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Mu haya muke a Kurna, kicin ɗin ya fi na Maman Ilham lalacewa. In na gyara da kuɗina na yi asara ke nan?

Baban Walid:
'Yar uwa, yoyo da wayarin na mai gida ne, a kai masa magana. In ya ce ku gyara a cire a kuɗin haya, a rubuta, wakilinsa ya sa hannu kafin a sayi ko buhu ɗaya. Abin da kike so don jin daɗinki kuma ki yi wanda ake ɗauka, kabad mai ƙafa da teburin ƙarfe, ranar tashi a sa a mota.

Anti Zee:
To na sauko, a yi simintin a ƙasa. Amma Maman Ilham kada ki bari a hana ki kabad ɗin sama da fitila mai haske a saman kanta. Kuma tayil ɗin bango ya kai har sama a bayan gas, fenti ba ya jure maiƙo. Ni tambayata ma, a ina za ki yi girki duk tsawon aikin? Mutum tara ba a ce za a yi ta sayen abinci ba.

Maman Ilham:
Wallahi Anti Zee abin da ke raina ke nan. Ga kuma maza za su yi ta shige da fice, shi kuma yana kasuwa sai yamma.

Hajiya Babba:
Wannan mai sauƙi ne in an shirya. Ki mai da baranda ko wani lungu na tsakar gida madafa, a kafa labule ko tabarma a tsakaninki da hanyar masu aiki. Ki fitar da tukwane uku, wuƙa, ludayi, muciya, kwanukan ci, sauran duk a ɗaure a kwali a kai ɗaki, don ƙurar siminti babu inda ba ta shiga. Hatsi a ɗora a kan katako a rufe. Ki soya kayan miya da yawa kafin ranar fashe-fashe. Cikin ƙannen mijinki a ware ɗaya mai hankali, shi ne zai riƙa buɗe musu ƙofa, ya karɓi kaya ya ƙirga, ya kai saƙonki ya kawo nasu. Amma ranar awo ki sa hijabinki ki fito da kanki, da mijinki a wurin. Kada ki aika. Yara kuma a kiyaye su da wajen, akwai ƙusa da fasasshen tayil. Masu aikin nan a ba su ruwa, in an sauke abinci a zuba musu, a yi musu magana da mutunci.

Injiniya:
Ƙari a kan lokaci. Wata biyu ya isa, amma babu na zubarwa. Kantar da aka zuba da rodi tana son a yi ta ba ta ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinta kuma ba ya cika sai kwana 28, don haka kada a cire katakon ƙasanta da gaggawa ko a hau kanta. Yanzu hunturu ne, iska a bushe take, filasta tana saurin bushewa ta tsattsage in ba a yayyafa mata ruwa safe da yamma ba. In famfonku ba ya kawowa sosai a yi magana da mai garuwa tun yanzu, aikin siminti yana shan ruwa. Ɓaraguzai kuma a kira a-kori-kura ta kwashe, kada a zuba a kwata ko a ƙofar gida. Ku sa wa kanku cewa sati biyu kafin azumi ne wa'adi, don masu aiki ma a ƙarshen Sha'aban kowa neman su yake.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na nuna wa Abban Ilham duk abin da kuka rubuta, ya karanta har ƙarshe. Mun kwashe kaya mun yi zanen alli, har na matsar da firji daga inda na fara sa shi, don ƙofarsa tana bugun ta kicin. Mai famfo ya zo ya fasa, ashe ba sinkin ne kaɗai ba, tsohon bututun ƙarfe ne a cikin bango ya yi tsatsa ya huje. An cire shi an sa na roba, ya kwana da ruwa, da safe a bushe. Mai wayarin ya ja layi, soket huɗu da na firji daban. Kafinta ya zo ya gani, mun yi da shi sai an gama tayil. Birkila shi muka ba riƙon aikin, an rubuta takarda, ƙanin maigida yana tsaye. Dandamalin tuwo ma an fitar da wurinsa, Hajiya. Abin da ya rage, bangon da ya sha ruwan har yanzu da sanyi in ka dafa, shi kuma birkila yana so ya yi filasta gobe. A bar shi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. A'a, ya dakata da wannan bangon. A kankare tsohuwar filastar duk inda jirwayen ya kai, har a wuce shi kaɗan, a bar bulon a buɗe, ƙofa da taga a buɗe, iskar hunturun nan za ta yi aikin cikin 'yan kwanaki. Gobe ya fara da ɗaya bangon da kafa katakon kanta, ba zai zauna haka ba. In ya zo yin wancan ɗin, ya sa garin hana ruwa a cikin kwaɓin, ana samunsa inda ake sayar da siminti.

Malam Kafinta:
Kuma a yi feshin garar kafin ya rufe, tun bulon yana fili.